Shekarar da Mika'ilu Bai Buɗe Ruwa Ba

Ni wanzami ne, sunana Shitu, kuma na fi shekara hamsin ina riƙe kawunan mutanen Fammar da ƙauyukan gefenta. Wanda ya riƙe kan mutum da hannu ɗaya, aska na ɗaya hannun, yakan san halinsa ko bai tambaya ba. Na san jarumin da ke rufe ido in aska ta zo kusa da maƙogwaro, na san malamin da ke gulma da bakin nasiha. A duk kawunan nan babu wanda na sani kamar na Mika'ilu, babu kuma wanda na yi wa abin da na yi masa.

Taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana. Tun muna yawo ba wando nake ce masa bawana, shi ma yana ce mini bawansa, har gemunmu ya yi furfura ba a raba gardamar ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kunnuwansa a baje, maganarsa ba ta cika cokali ba. In na tsokane shi a gaban jama'a sai ya yi shiru har a manta, sannan ya jefo kalma ɗaya da za a kwana uku ana yi mini dariya da ita. Noma yake yi kamar kowa, dawa da gero da gyaɗa. Amma ba da noma aka san shi ba. Shi ne mai buɗe ruwa.

Yamma da garinmu akwai wani tafki da muke kira Tafkin Marke. Duk shekara ba a jefa ko ƙugiya a cikinsa sai rana ɗaya, ranar su, wato ranar da gari duka ke shiga kamun kifi. Akan yi ta da bazara, in zafi ya sauko. Mutane na zuwa daga Unguwar Gai da Madachi, har daga Kibiya da Rano, da makaɗa da masu tuyar ƙosai da mata masu banda. Duk yawan taron nan babu mai tsoma ƙafa sai namiji daga gidan su Mika'ilu ya shiga ya fito.

Akwai masu son a ce tsafi ne. Ba tsafi ba ne, aiki ne, kuma mai wuya. Ƙasan tafkin ba ya zama yadda aka bar shi. Kowace damina ruwa kan cike wani gurbi ya haƙa sabo, ramin da zai haɗiye mutum da homarsa, wato ragar da ake su da ita. Da hudowar rana mai buɗe ruwa zai yi bisimilla ya shiga shi kaɗai, daga shi sai bante, da damin sanduna a kafaɗa. Yana tafe a hankali yana lalube da ƙafa, ruwa iya wuya. Inda ya ji ƙasa ta gudu sai ya nutse ya auna bakin ramin, ya kafa sanda. In akwai kada a kwance shi zai fara sani. Ba ya fitowa sai hantsi. Sannan a buga ganga, jama'a su auka, kowa na kauce wa sanduna. Babban kifin da aka fara kamawa gidansa ake kaiwa. Tun zamanin kakansa ba a taɓa ciro gawa daga Tafkin Marke ranar su ba.

Lokacin babban yaƙin Turawa aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi mazaje ƙarfi da yaji zuwa haƙar kuza a Jos. Mutum goma sha ɗaya aka ɗauka a ƙasarmu, har da Mika'ilu. Bakwai suka dawo. Ba ya son zancen wurin. Sau ɗaya ya taɓa gaya mini cewa a can sanyi ba baƙo ba ne, maigida ne, suna tsaye cikin ruwan kwari suna wanke ƙasa ƙanƙara na zubo musu a ka, da safe kuma a tashi wani a tarar ya sandare. Ya dawo da tari, da wani fito a ƙirji da ke tashi duk lokacin ɗari. Yana can ubansa ya rasu, kuma shekara biyu cur ba a yi su ba. Kifi ya yi ta ƙiba a tafki, mutane na haɗiyar yawu, amma babu wanda ya ce a shiga. Sai da ya dawo. Wannan jiran da aka yi masa shi ne abin da ya fi daraja a duk abin da ya mallaka, ko da yake bai taɓa faɗa da bakinsa ba.

'Ya'yansa mata uku ne, namiji ɗaya, Abdulganiyyu, wanda ya bi mota tun yana saurayi har ya zama direba tsakanin Rano da Kano. Wannan ko kududdufi ya gani sai ya kewaye. Mika'ilu ya haƙura da shi, ya zuba ido ga jikoki, yana fatan ya riƙe aikin har ɗaya ya tasa.

Sai shekarar da aka samu mulkin kai. Damina ta ɗauke da wuri a wajenmu, tafki bai cika ba, kafin a gama sussukar dawa ya fara ja da baya. Dattawa suka duba suka ce in aka jira bazara, shamuwa da balbela ne za su yi su, mu mu tarar da taɓo. Dagaci ya sa rana cikin watan Azumin Tsofaffi. Kamar jira ake, sai ɗari ya sauko irin wanda ban taɓa gani ba, ban kuma sake gani ba. Man gyaɗa ya daskare a kwalba. Ruwan randa in ka kurɓa sai haƙori ya amsa. Fulanin da ke zaune bayan gari suka rasa maruƙa huɗu a mako guda, mata suka riƙa kwana da 'yan awaki a ɗaka. Ni kaina sai na ɗumama aska a hammata kafin in ɗora a kan mutum. Liman ya rage tsawon karatun asuba ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

Ƙirjin Mika'ilu kuwa ya tashi. Daga zaure kana jin numfashinsa a tsakar gida.

Kwana biyu kafin ranar aka taru a ƙofar dagaci. Akwai wani Ishiyaku, falke ne mai sayen bandar kifi yana lodawa zuwa Kano, mutum mai hanzari wanda bai iya jiran tuwo ya huce ba. Shi ya fara magana.

"Ranka ya daɗe, ruwan bana ai ko mace ta ratsa shi. In Malam Mika'ilu ba lafiya, a bar bawan Allah ya huta mana. A buga ganga kowa ya shiga."

Dagaci ya dubi Mika'ilu, wanda ke zaune a ƙudundune cikin bargo. "Ka ji. Ni ba zan tilasta ka ba, ba kuma zan hana ka ba. In mun gan ka a bakin ruwa, za mu jira ka kamar kullum. In hantsi ya yi ba mu gan ka ba, za a buga ganga. Mutane sun riga sun ji rana, ba a mayar da su."

Jama'a suka juyo suna kallona, don an saba a irin wannan wuri ni ne mai cewa bawana ya ji tsoro, a yi dariya a tashi. Na buɗe baki, sai tari ya sarƙe shi, ya dafa ƙasa da hannu biyu. Na rufe bakina.

Washegari da safe Dije, matarsa, ta aiko a kira ni, ta tsaya a bayan ƙyauren zaure tana magana ƙasa-ƙasa. Mace ce mai kunya, shekara talatin ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

"Wanzam, ya fara feƙe sanduna."

"To ai kin san halinsa."

"Na sani, shi ya sa na kira ka. Na ce masa da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya ce in ba shi wuri. Na ce a roƙi dagaci a bari rana ta take, ya ce ruwan ƙasa bai san rana ta fito ba. Su masu su shiga za su yi a guje su fito su rungumi wuta. Shi fa? Daga fitowar rana har hantsi, yana nutsewa." Ta ƙara matsowa jikin ƙyauren. "Ba ya jin maganata, ba ya jin ta liman. Kai kake taɓa jikinsa. Ka gaya masa abin da zai ji. Don Allah, Wanzam, kar ka bari in yi takaba a kan tarwaɗa."

Na same shi a bayan ɗaki inda rana ke bugawa, yana feƙe sanda da wuƙa. Na ce ya kwanta in yi masa ƙaho ko ƙirjin ya saki. Ya kwanta rubda ciki a tabarma. Na kafa ƙaho huɗu a bayansa, na tsaga, na zuƙa, na liƙe. Muna jira yana magana da fuskarsa a ƙasa, abin da bai saba ba.

Ya ce shi ma ba wawa ba ne, ya san sanyi, ya ga abin da yake yi wa mutum. Ya ce tun jiya yake auna abin, in ya ce zai je sai ya tuna Jos, in ya ce ba zai je ba sai ya tuna ubansa. Ya ce ya yi tunanin ya je ya tsaya a gaɓa cikin bargo yana nuna musu da baki, amma gurbin da bai taka da ƙafarsa ba yaya zai nuna shi? Kuma in har ya ga ruwan, ya san shiga zai yi.

"Shitu, in aka shiga sau ɗaya ba ni, an gama. Ba za a sake jira ba."

"Haba, wa ya isa? Shekara biyu aka jira ka."

"Wancan zamani ne."

Na cire ƙaho na farko, na juye jinin a sakaina. Baƙi ne, guda-guda. To, kowane wanzami ya san jinin ƙaho haka yake. Na ɗan sarki haka yake, na ɗan dambe mai cin tuwo kwano uku haka yake. Jini in ya kwanta a ƙaho dole ya dunƙule ya yi duhu. Amma masu kwanciya rubda ciki ba su san wannan ba, don ba kasafai muke nuna musu ba. Na ɗauki sakainar na ajiye a gaban idonsa.

"Ka ga wannan?"

Ya duba.

"Shekarata arba'in ina ƙaho. Sau uku na taɓa ganin irin wannan jini, kuma duk ukun na je jana'izarsu. Su ko ruwa ba su shiga ba. Mika'ilu, in ka shiga tafkin nan gobe, ba da ƙafarka za ka fito ba."

Ban ce masa bawa ba, ban yi murmushi ba. Ina jin wannan ya fi jinin tsorata shi. Ya daɗe yana kallon fuskata yana neman inda wasan yake, bai samu ba. Ya ce in rantse. Na ce ni ba na rantsuwa a kan rai, amma ya taɓa jin na yi masa magana irin wannan? Ya ce a'a. Ya mayar da fuskarsa ƙasa, na ci gaba da cire sauran ƙahonin.

Ba zan ce ƙarya zalla na yi ba. Ƙirjinsa ba lafiya, kowa na ji. Mai yiwuwa ne ruwan ya kashe shi. Amma ban sani ba, na kuwa yi magana kamar na sani, na kafa shaida da abin da ba shaida ba. A lokacin ko ɗar ban ji ba. Na koma gida ina yaba wa kaina dabara.

Ranar su na yi asubanci na tafi gidansa, don na san in aka bar shi shi kaɗai zai iya canza shawara. Na tarar Dije ta hura wuta a zaure, yana zaune da bargo biyu, damin sandunan na jingine a bango. Mutane na wucewa ta ƙofar gida, muna jin takunsu da ƙarar ƙwarya da muryoyin baƙi, kowa haƙora na kaɗawa. Wasu suka leƙo suka yi masa sannu. Wani tsoho daga Madachi ya tsaya ya ce shi in Mika'ilu bai shiga ba, shi ma ba zai shiga ba. Daga baya na ga tsohon nan da tarwaɗa biyu a kafaɗa.

Rana ta fito. Mika'ilu ya miƙe ya je bakin ƙofa, iska ta buge shi, tari ya dawo da shi. Ya zauna. Can ya sake miƙewa, har ya kai hannu ga sandunan. Ban ce komai ba, kallonsa kawai na yi, irin kallon jiya. Ya saki. Muka zauna muna kallon wuta kamar masu zaman makoki, har hantsi ya yi, ganga ta tashi, ihun jama'a ya biyo baya.

Ya rufe ido yana motsa baki. Na matsa na ji abin da yake faɗa. Addu'a yake yi kada kowa ya faɗa gurbin gindin marke.

Babu wanda ya faɗa. Ruwan ya yi ƙasa sosai, inda ya fi zurfi iya ƙirji ne. Kifi kuwa ya taru wuri guda, sanyi ya kashe masa jiki, aka yi ta kwasa kamar ana tsince gyaɗa. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin su mai albarka irin wannan ba. Aka yi mako ana banda, gari duka na ƙauri. Babban kifin farko, da aka rasa inda za a kai shi, sai aka kai gidan dagaci. Ishiyaku ya aiko wa Mika'ilu da kifi cikin kwando, ya ce a gaishe da mai jiki. Mutumin kirki ne a hakan, ban musa ba. Dije ta yi miya, Mika'ilu ya ci, ya ce ta yi daɗi.

Ɗari ya wuce, ƙirji ya lafa. Damina ta gaba ta yi kyau, Tafkin Marke ya cika ya batse, aka mayar da ranar su lokacinta na bazara. Mika'ilu ya murmure har ya yi ƙiba. Ya sari sanduna sababbi, ya fi kwana uku yana gyara su. Ana gobe su na yi masa aski da la'asar, na tsokane shi ya rama, na ce a raina komai ya koma daidai.

Muka fita tare bayan sallar asuba. Tun kafin mu kai muka ji ganga. Na ce masa makaɗa ne ke gwada fata. Da muka hau tudun da ke kallon tafki sai muka ga ruwa ya yi baƙi da kawuna. Samari sun shiga tun gari bai gama wayewa ba, kowa na tsoron a riga shi, manya suka bi su. Wani bafaden dagaci ya tarye mu da fara'a.

"A'a, Malam Mika'ilu! Ai an hutar da kai. Zo ga inuwa, zauna ka sha kallo."

Bai zauna ba. Ya gangara bakin ruwa da damin a kafaɗa yana ɗaga murya, su yi hankali da gindin marke, su bar gabas, bana ruwa ya yi aiki a can. Na kusa da shi suka ce to, na nesa ganga ta hana su ji. Mutumin da maganarsa ba ta cika cokali ba, ranar ya yi ihu har muryarsa ta dushe.

Allah ya kiyaye, wannan karon ma babu wanda ya nutse. Zan faɗi abin kunya: ina tsaye a gaɓar nan na ji raina na son wani ya zurma, ba ya mutu ba, ya sha ruwa dai a ciro shi, don a tuna. Na yi istigfari, amma na ji abin da na ji.

Da azahar muka kamo hanyar gida, shi a gaba ni a baya. Wajen wata gonar rogo ya sauke sandunan ya ajiye a gefen hanya, ya juyo.

"Shitu, in tambaye ka. Bara, da na shiga, da na mutu?"

Ina da amsa a shirye, shekara guda ina ajiye da ita. Amma na dubi fuskarsa, na kasa.

"Ban sani ba."

"Jinin fa?"

"Jinin ƙaho duk haka yake."

"Na kowa?"

"Na kowa."

"Mutum ukun da ka je jana'izarsu?"

Na sunkuyar da kai. Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa farashin abin da ba zai saya ba. Na ce masa ya tuna yadda yake tari, ya tuna maruƙan Fulani, ya tuna Dije da jikokinsa. Na ce ko yau aka mayar da ni ranar, ban san ko zan yi dabam ba. Duk ya saurara, bai katse ni ba.

"Ai da ka bar ni na zaɓa da idona a buɗe," ya ce. "Wataƙila da na zauna ɗin. Amma da ni na zauna."

Ya wuce ya bar ni da sanduna a gefen hanya.

Ya ƙara shekara tara a duniya. Ya ga auren jikokinsa biyu, ya rasu a ɗakinsa da damina, kansa a cinyar ɗansa. Bai taɓa gaya wa Dije ba, ita kuwa har ta koma ga Allah tana sa mini albarka, duk sallah sai ta aiko mini da tuwo da naman kaza. Ni da shi ba mu yi faɗa ba. Muna gaisawa a masallaci, ya zo sunan jikokina, na je na nasa. Sai dai a shekara taran nan, in gashinsa ya taru, yakan jira ranar kasuwa ya taka har Kibiya, ya zauna a layi a gaban wani wanzami da bai san sunansa ba.